Ku Tambayi Mai Gyara: Ƙara Na Tashi, Magana Ba Ta Fita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin tarewa bayan Babbar Sallah, kayan kallo kuma a wuyana suke. Na ga hom tiyata (sifikun da ake haɗa wa talabijin) biyu a kasuwar Sabon Gari, ɗaya an rubuta 5000W a kwalinta, ɗayar 300W kacal, amma mai 300 ɗin ta fi tsada. Wacce zan ɗauka? Falona ƙarami ne.
Daga ango mai jiran tarewa, Kurna, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Ƙanena, koma ka duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar. In ka ga PMPO, lambar talla ce, ƙarfin da ake cewa na'urar na iya kaiwa na ƙiftawar ido. Wadda ake aiki da ita ita ce RMS, ƙarfin da take iya riƙewa tana ta aiki. In mai shago ya yi maka musu, juya bayan amfilifayar, wato akwatin da ake jona sifikun, ka karanta yawan wutar da take ja daga soket. Abin da ke jan wat 100 daga bango, ina zai samo 5000 ya ba ka?

Ka je da filashinka mai ɗauke da waƙar da kunnenka ya sani, da wani karatu ko labarai. Za a ƙure maka ƙara don a burge ka. Ce a rage. Sifika mai kyau a ƙasa-ƙasa ake gane ta. Kuma a ƙaramin falo, ni na fi son sifika biyu nagari da wufa ɗaya (sifikar da ke fitar da gurnani), wato 2.1, a kan 5.1 mai araha, wato sifika biyar da wufa ɗaya. Yawancin abin da muke kallo a YouTube da tashoshi sautinsa na hagu da dama ne kawai, sifikun baya na 5.1 ɗin ba su da aikin kirki.

Tambaya: Malam, maigidana ya sayo mana 5.1 mai tsada, amma in ana fim sai kiɗa da ƙarar mota su cika gida, maganar 'yan wasa kuwa sai mun kasa kunne. Rimot ba ya barin hannuna. Sifikun duka biyar na jera su a kan teburin talabijin. Ko jabu aka ba shi?
Daga wata uwargida, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Hajiya, kada a mayar da kaya tukuna, da wuya laifinsu ne. Jerin nan da kika yi ya yi kyau a ido, amma kowace sifika da mazauninta. Mai kwance ɗin nan ita ce ta tsakiya, kuma ta cikinta mafi yawan magana ke fita. Ki sa ta daidai ƙarƙashin talabijin, ki jawo ta bakin tebur, kada ta shige cikin kabad ko bayan kwalbar furanni. Biyun gaba su koma hagu da dama, tazarar da ke tsakaninsu ta kusa kai tazarar da ke tsakaninki da su, a ɗan karkato fuskarsu wajen kujerar da aka fi zama, tsayinsu daidai kunnen wanda ke zaune. In gidanku a kan kafet aka fi kallo, to da kunnen na ƙasa za a auna. Ƙananan biyun su tafi gefen kujera ko ɗan bayanta kaɗan, sama da kai kaɗan. Na san wayoyi ne ba a son gani. A bi da su ta gindin bango.

Sai wufa, mai girgiza ƙofa. Kusan duk gidan da aka kira ni, a ƙure nake samunta, an kuma cusa ta a kusurwa, inda gurnaninta ke ƙaruwa. Mayar da maɓallinta rabi, ki ɗan janyo ta daga lungun. Nan take za ki ji murya ta fara fitowa. In rimot ɗin yana da wurin ƙara ta tsakiya ita kaɗai, ki ɗaga ta mataki biyu ko uku. Maƙwabta ma za su sa miki albarka, don gurnanin wufa ne ke ratsa bango, ba muryar 'yan wasa ba.

Ina kyautata zaton falonki tayil ne. Tsaya a tsakiyarsa ki tafa sau ɗaya. In kin ji amsa-kuwwa, to sauti na dukan tayil da bangon siminti da gilashin taga yana dawowa, ya cakuɗe da wanda ke fitowa. Kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin, da labule mai nauyi, sun fi sabuwar sifika amfani a irin wannan ɗaki.

Ki kuma leƙa bayan talabijin. Cikin ramukan HDMI akwai wanda aka rubuta wa ARC, shi ne ke mayar da sauti zuwa hom tiyata. In da wayar nan mai kai ja da fari aka haɗa, hagu da dama kawai take ɗauka, ta tsakiya ba ta samun nata rabon yadda aka tsara.

Tambaya: Malam, amfilifayata ta ƙone karo na biyu, duk lokacin dawowar wuta. Me zan yi?
Daga wani malamin makaranta, Gusau.

Amsa: Malam, sannu da asara. Kayan nan an yi su ne don bolt 220 zuwa 240, wutarmu kuwa wani lokaci ta zo rabi, wani lokaci ta zo da fushi. Nemi sitabilaiza mai jinkirta ba da wuta, wadda ke ɗan jira bayan NEPA ta dawo kafin ta saki. Kafin a juya daga janareta zuwa NEPA, a kashe soket. In hadari ya taso da tsawa, a zare filogi da wayar dish gaba ɗaya. Sannan a roƙi uwargida ta ɗauke ƙyallen adon da ake shimfiɗa wa amfilifaya, ramukan saman nan ta nan take fitar da zafi. A bar mata sarari kamar faɗin tafin hannu ta sama da gefe, a lulluɓe ta saboda ƙurar hunturu bayan an kashe ta ta huce.