Waƙar "Heart of Glass": rok ce ko disko?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kwanan nan na ci karo da tsohuwar waƙar nan "Heart of Glass" ta ƙungiyar Blondie. Duk inda na duba sai in ga an jera ta cikin manyan waƙoƙin rok na salon new wave, amma ni kunnena disko yake ji tsantsa. Ni na yi kuskure ko masu rubutun? Kuma da gaske ne an zage su a kanta?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kunnenka lafiyarsa ƙalau. Disko ka ji, sai dai 'yan rok ne suka kaɗa shi, kuma rigimar da ta biyo baya duk daga nan ta taso.

Mawaƙiya Debbie Harry da mai jita Chris Stein ne suka kafa Blondie a birnin New York a 1974. Matattararsu wani ɗan kulob ne mai suna CBGB a unguwar Bowery, inda Ramones da Television da Talking Heads suke wasa. Mutanen wannan wuri kiɗan punk suka sani: jita mai kaushi, waƙa gajera, ba ƙyale-ƙyale. A wurin da yawansu disko kiɗan 'yan gayu ne masu kuɗi, na kulob irin Studio 54. New wave kuwa ƙanen punk ne da ya ɗan yi wanka, ya yarda da daɗin murya da na'urori.

Waƙar ta girmi fitowarta da shekaru. Harry da Stein sun rubuta ta tun farkon ƙungiyar da sunan "Once I Had a Love", sun ɗauki gwajinta a 1975, a tsakaninsu kuma "waƙar disko" kawai suke ce mata. Sun juya ta salo-salo, har da rege, ta ƙi zama, suka ajiye ta. Sai a tsakiyar 1978, da suka zo haɗa faifansu na uku, Parallel Lines, furodusa Mike Chapman ya tambaye su ko akwai sauran wata waƙa a ƙasa. Chapman ɗan Ostareliya ne da ya yi suna a Ingila wajen yi wa su Suzi Quatro da Sweet waƙoƙin kasuwa, don haka hancinsa ya san ƙamshin abin da zai sayu. Yana jin ta ya ce a yi.

Aikin da aka yi a situdiyon Record Plant shi ne abin da nake so ka lura da shi. Wannan ƙas-ƙas ɗin da ke buɗe waƙar, kafin komai ya shigo, na'urar ganga ce ta kamfanin Roland, CR-78, wadda a shekarar ta fito. An haɗa ta da fiyanon lantarki ta yadda bugunta ne ke tura sautin nan mai ɓal-ɓal da ke gudana a ƙasa. Yau yaron situdiyo zai yi wannan a kwamfuta kafin shayinsa ya huce. A 1978 kan tef ake ɗauka, babu jan sauti a gyara masa zama. In ka kauce, sai dai a koma farko. Na'ura ba ta gajiya, ba ta sauri, ba ta jiran kowa, kuma dole kowane makaɗi ya bi ta sau da ƙafa.

Wanda ya fi shan wuya shi ne mai ganga, Clem Burke. Mutum ne mai zafin hannu, wanda ya saba dukan ganga kamar ta ci masa bashi. Chapman ya sa aka ɗauki gangunansa ɗaya bayan ɗaya, kuma 'yan ƙungiyar sun sha faɗin cewa babbar gangar ƙafa kaɗai ta ci kusan awa uku. Burke bai so waƙar ba da farko. Amma a ganina shi ya cece ta. Ka saurari yadda yake ɓarkewa da bugu a ƙarshen baiti, da yadda jitar ke karce a gefe. Makaɗan disko na haya ba sa yin haka. Akwai kuma wani tarko. Disko huɗu-huɗu yake tafiya, amma a tsakiyar wannan waƙa, inda murya ta yi shiru, ka gwada tafi: ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ɗaya, biyu, uku, sai ka ji an koma farko, bugu ɗaya ya ɓace. Mai rawa da bai ankara ba sai ƙafarsa ta harɗe.

Ita kuwa Harry ba ta buɗe maƙogwaro irin na mawaƙan disko ba. Siririyar murya ta yi, mai sanyi, kamar soyayyar da ta watse ba ta dame ta ba. 'Yan ƙungiyar da kansu sun ce Kraftwerk, ƙungiyar kiɗan na'ura ta Jamus, suke hange, da aikin da furodusa Giorgio Moroder ya yi wa mawaƙiyar disko Donna Summer.

Su kansu ba su ɗora mata buri ba: ita ce ta 10 cikin waƙoƙi 12 na faifan da kamfanin Chrysalis ya fitar a Satumban 1978. Da aka sake ta ita kaɗai a Janairun 1979, ta hau lamba ɗaya a Birtaniya a Fabrairu ta yi mako huɗu, sannan ta hau lamba ɗaya a Amurka a Afrilu. Kafin nan a Turai da Ostareliya aka fi sanin Blondie. Wannan waƙa ce ta buɗe musu kasuwar gida. Wasu gidajen rediyo sai da aka yanke musu wata kalmar ashar da ke baitin ƙarshe kafin su sa ta.

Zagi kam sun sha shi. Wasu tsofaffin abokan tafiya da masoyan punk suka ce sun sayar da kansu. Ka tuna lokacin: a ranar 12 ga Yulin 1979 aka tara faya-fayan disko a filin wasa na Comiskey Park da ke Chicago aka tarwatsa su, taron ya rikiɗe ya zama tarzoma. Masana da dama na ganin ƙiyayyar ta wuce ta kiɗa, tunda disko ya taso ne daga kulob-kulob na baƙar fata da 'yan Latin. Ni dai zargin bai taɓa gamsar da ni ba. Waƙar da aka rubuta tun suna fama da kuɗin haya ba za a ce don kasuwa aka ƙirƙire ta ba, kuma Blondie ba su taɓa ɓoye son waƙoƙin rawa ba. Ba su kuma ja da baya ba: a 1980 suka yi "Call Me" da Moroder ɗin kansa, a 1981 "Rapture" mai ɗauke da baitin raf ta hau lamba ɗaya a Amurka.

In kana son ka ji bambancin da kunnenka, nemi gwajin 1975, ana samunsa a intanet, ka saurare shi, sannan ka sa ta cikin faifan. Ta farkon tafiyar hawainiya take yi, ba na'ura, Harry kuma ba ta kai ga gano muryar da za ta dace da ita ba tukuna.