Tambaya da Amsa: Yaya Mai Ke Ƙare wa Jirgi a Sama?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sha jin an ce ƙaramin jirgin sama ya faɗi saboda ƙarewar mai. Abin na ɗaure min kai. Direban mota ma yana duba allurar mai, balle matuƙin jirgi?
Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Allurar tana nan, sai dai ta ƙananan jirage ba abar dogaro ba ce. Matuƙin kirki kafin ya tashi sai ya buɗe murfin tankin da ke fiffike, ya tsoma sandar awo, ya gane wa idonsa. Sannan ya tsiyayo ɗan mai daga ƙasan tanki, ya ɗaga kofin a haske ya duba ko ruwa ya kwanta.

Man jirgi kuwa da awa ake lissafa shi. Ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 172 yana shan wajen lita 30 zuwa 35 a awa. Iska ta taso maka ta gaba, tafiyar awa uku ta koma huɗu, inji kuma bai rage sha ba. Dokar Amurka ta ce mai tuƙi cikin yanayi garau ya tanadi rarar man minti 30 da rana, 45 da dare. Ni dai a ganina wannan ya yi kaɗan. Galibi ma ganganci ne: mutum ya wuce filin da zai sha mai, wai ai saura ƙiris.

Wani lokacin kuma wurin sauya tanki, wato mayar da inji ya sha daga ɗaya tankin, ake samun matsala. Ranar 12 ga Oktoba 1997, mawaƙin Amurka John Denver ya tashi da ƙaramin jirginsa ƙirar Long-EZ a Kalifoniya, da mai kaɗan, bai ƙara ba. Hannun sauya tanki kuwa a bayan kafaɗarsa ta hagu aka sa shi. Masu bincike sun ce da alama garin juyawa ya kamo hannun ne ya taka fedar juya jirgi, jirgin ya ƙwace, ya faɗa tekun Monterey, ya rasu.

Mutuwar inji dai ba ita ce faɗuwa ba. Daga tsayin kilomita 1, Cessna na iya lilo ta ci kusan kilomita 9 kafin ta taɓa ƙasa, lokacin da zai isa a nemi fili a sauka. Abin da ke halaka mutane shi ne matuƙi ya ruɗe ya ɗaga hancin jirgi don ya ƙara nisa, gudu ya ragu, fiffike ya daina ɗauka, jirgin ya rikito.