Me Ya Sa Na Hana Ka Ɗaura Sarƙa a Sama

Ƙanena, ka tambaye ni dalilin tsawar da na daka maka jiya a fadama, lokacin da za mu jawo motar takin da ta kafe, ka ɗaura sarƙa can sama a bayan tarakta inda sandar garma ke shiga. Ka ce ƙarfen wurin yana da kauri. Gaskiyarka, ba zai karye ba. Abin da na ji wa tsoro kifewa ce.

Duk ƙarfin irin taraktarmu a tayoyin baya yake. Idan kaya ya ƙi motsi, tayoyin kuma suka kama ƙasa, injin ba ya fasa juyi, sai gangar taraktar ta fara juyawa a kan tayoyin, gaba ya ɗaga. Sarƙar da ke sama da tsakiyar taya ƙara ɗaga shi take yi. Cikin ƙasa da daƙiƙa 1 ta wuce inda za ta dawo, kafin daƙiƙa 2 ta danne mai tuƙi. Ƙafarka ba za ta kai kuloci ba, balle ka yi tunanin tsalle. Na taɓa taimakawa wajen ciro wani direba daga ƙarƙashin sitiyari, Allah Ya jiƙansa, hularsa na nan a taɓo. Tun ranar ba na iya kallon irin ɗaurin nan in yi shiru.

Saboda haka ja yana ƙarfen ƙasa ne kawai, wanda aka yi domin tirela. Ka sa ƙaramar giya, ka saki kuloci a hankali har sarƙa ta miƙe, ban da fizga. Ka kori 'yan kallo nesa, don sarƙa in ta tsinke bulala ce.

In kuwa taraktar ce da kanta ta kafe, da baya ake fita. Za ka ji manoma na cewa a ɗaura gungume a taya don ta samu abin takawa. Kada ka yarda, ko mai gonar ne ya ce. Taya ta cije ke nan, gaba ya tashi.

Ƙarfen kariyar da ke saman kujerar taraktarmu Massey Ferguson kuma, mai hana ta danne direba in ta kife, na san wasu na kwance nasu wai yana kama reshe. Namu ba mai taɓa shi, kuma sai ka ɗaura bel ɗin kujera yake aiki. Gobe kafin ka tayar, zo in nuna maka yadda ake sa fil ɗin ƙarfen ja.