Tambaya da Amsa: Sa'a Ce ko Ƙoƙari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokina mun kammala karatu tare, shi ya samu aiki nan da nan, ni kuwa har yanzu shiru. Tunda an ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, mene ne amfanin ci gaba da wahalar da kaina wajen ƙarin koyo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba zan musa cewa akwai sa'a ba, domin babu wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi, kuma akwai masu ƙwazo da yawa da suka daɗe suna jira. Sai dai dama kan zo ne ba tare da sallama ba, kuma wanda bai shirya ba ko gane ta ba ya yi.

A watan Satumba na 1928, wani masanin kimiyya mai suna Alexander Fleming ya dawo daga hutu zuwa ɗakin bincikensa a asibitin St Mary's da ke Landan, ya tarar fumfuna ta tsiro a wani farantin da yake renon ƙwayoyin cuta a ciki, kuma ƙwayoyin da ke kewaye da ita sun mutu. Faɗawar fumfunar sa'a ce zalla. Amma da wani ne, da ya wanke farantin ya ce aiki ya lalace. Shi kuwa tun lokacin Yaƙin Duniya na Farko yake neman abin da zai kashe ƙwayoyin cuta a raunukan sojoji, saboda haka ya san darajar abin da ya gani. Duk da haka, bai iya tace sinadarin da fumfunar ke fitarwa, wato penisilin, ya zama magani ba. Sai da aka shafe fiye da shekara goma kafin Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Jami'ar Oxford su gwada shi a kan ɓeraye a 1940, sannan a kan mutum a 1941. Wannan sashe na labarin, wanda gumi ne tsantsa, shi ne ba a cika ba da shi ba, alhali su ukun ne suka raba kyautar Nobel a 1945.

Shawarata ita ce ka zauna da abokin naka, ba da ƙyashi ba, ka tambaye shi ta ina ya ji labarin gurbin, waɗanne tambayoyi aka yi masa a wurin tantancewa, kuma wace ƙwarewa ce suka fi dubawa. Idan ka gano abin da yake da shi wanda kai ba ka da shi, to ka fara koyonsa tun kafin a sake tallata wani gurbin.