Kaskon yankan ciyawa ya karkace, kuma yana saukowa da kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da filin ƙwallo da harabar wata makarantar kwana a Kaduna. Muna da ƙaramar tarakta ta hannu, irin mai kaskon yankan ciyawa a ƙarƙashin cikinta, mai faɗin inci 60. Tun farkon damina kaskon ya karkace. In na ja liba gefen dama ya tashi sosai, na hagu kuwa yana jan ƙasa, yana aske filin tabo-tabo kamar kan mai makero. Sannan in na ɗaga shi na kashe inji, kafin in yi alwala in dawo ya sauko. Wani bakanike ya ce ƙarfin haidirolik ne ya ragu, zai ƙara washa a bawul, ya yi wa hannun hagu walda kowa ya huta. Yaron da ke taya ni aiki shi ke shiga ƙarƙashi ya kankare ciyawar da ta manne, yana cewa ai haidirolik ya riƙe. Gasar wasanni saura mako 3, kuma an ce in injin ya mutu a albashina. Wallahi ko barcin kirki ba na yi. In bar shi ya yi waldar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bar shi. Albashinka kuma in sha Allah ba abin da zai taɓa shi, don abin da ka kwatanta ba mutuwar inji ba ne. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka yaron nan ne. Yau ɗin nan ka hana shi shiga, dalili na nan tafe.

Ciwo biyu ka haɗa, kuma ba uwarsu ɗaya ba. A yawancin ƙananan taraktocin nan, irin su Kubota BX da John Deere 1025R, kaskon tsakiya ba shi da silindar kansa sai in an saya an ƙara. Silinda guda ce a ƙarƙashin kujera, ita ke juya sandar da ke ɗaga hannuwan baya, daga can wasu sanduna suka zagayo suka kamo kaskon hagu da dama. Mai ɗaya, silinda ɗaya, sanda ɗaya. To ta yaya mai zai so dama ya ƙi hagu? Da ƙarfi ne ya ragu, gefen biyu tare za su gaza. Ka yi wa bakaniken naka wannan tambayar ka ji abin da zai ce. Karkacewa maganar ƙarfe ce, a ƙarfe za ka neme ta.

Ka kai taraktar kan siminti mai shimfiɗe, ko da barandar aji ce. Sauke kasko, ja birki, kashe inji, makulli a aljihunka. Fara da taya, kuma da geji, ba da shuri ba. Tayar baya guda in ta rasa iska kaɗan ta isa ta karkatar da kasko, na sha ganin an kwance rabin inji alhali aikin mai faci ne. In iska ta yi daidai, sai ka tsuguna ka gwada hagu da dama, fil bayan fil, tunda gefen dama lafiyarsa ƙalau, shi ne malaminka. Galibi ɗayan waɗannan za ka tarar: fil ya zame an cusa ƙusa ko guntun rodi a madadinsa, ko ramin fil ya cinye ya koma kamar ƙwai, ko notin da ke kulle sanda mai zare ya kwance sandar ta yi ta warwarewa da girgiza, ko kuma hannun ne ya lanƙwashe ranar da kasko ya daki kututture ko suri. Lanƙwasa ba ta ɓuya: inda ƙarfe ya tanƙwara fenti yakan tsage, tsatsa ta fito sabuwa. Tunda ka ce da damina abin ya fara, lokacin da ciyawa ke rufe komai, na fi zargin duka. Ka tambayi duk wanda ya hau ta, cikin lalama, don ba mai amsa laifi in an ɗaga masa murya.

Akwai wani dogon rami a hannuwan da za ka ga fil yana zirga-zirga a ciki. Wannan ba cinyewa ba ce, haka aka ƙera shi, don kasko ya riƙa bin tudu da kwari ba tare da ya ɗauki nauyin tarakta ba. Shi ne abin da masu walda suka fi son toshewa. Suna toshe shi, kasko ya sandare, karo na gaba da ya hau tudu sai wani abin da ya fi tsada ya karye. Haka sanda mai zare: da ita ake saiti, ranar da aka ɗiga mata walda saiti ya ƙare har abada. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Inda walda ke da hurumi shi ne in ka ga tsaga a kunnen da fil ke shiga, shi ma a cire kaskon daga jikin tarakta tukuna.

Bayan ka sauya abin da ya lalace sai saiti. Kasko yana zaune a tsayin da kake yanka, ka juya wuƙaƙen gefe da sanda, ba da hannu ba, su kalli hagu da dama, ka auna daga siminti zuwa bakin wuƙa. Bambanci kada ya wuce milimita 3. Sannan ka juya su gaba da baya: gaba ya fi baya ƙasa da milimita 3 zuwa 6, sai dai in littafin injinka ya faɗi wani abu daban, to bi littafin. Ka auna baki biyun kowace wuƙa a wuri ɗaya, don wuƙa lanƙwasasshiya za ta sa ka yi ta murɗa noti har magariba a banza. Ƙananan tayoyin jikin kasko kuma, a irin kaskon da ke rataye, ba su ke ɗaukar nauyi ba, aikinsu su hana aske ƙasa a kan tudu.

Saukowa ita ce maganar mai. A gaban kujera, wajen ƙafafunka, akwai mamurɗin da ke rage saurin sauka. Ɗaga kasko, murɗe mamurɗin ya rufe gaba ɗaya, kashe inji, ka auna tsayi, ka dawo bayan minti 15. In ya tsaya cak, yoyon yana wajen bawul ɗin liba. In ya sauko duk da haka, zargi ya koma kan robar fistin da ke cikin silinda. Ka kuma zaro ma'aunin mai ka duba: in ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, a juye shi a sauya filta. Man nan shi ne dai ke tafiyar da giya, don haka kada wanda ya zuba maka man inji. Washar da ake son ƙarawa kuwa, a bawul ɗin kariya za a sa ta, wanda aikinsa ya saki mai in matsi ya yi yawa don kada famfo ya fashe. Ba shi ke riƙe kaya in an kashe inji ba. Wanda ya taɓa shi ba tare da gejin matsi a hannu ba, caca yake da famfon makarantarku.

To, mu koma kan yaron.

"Ai haidirolik ya riƙe." Ba ranar da za ta fito ta faɗi ban ji wannan magana ba, daga yara har manyan da suka yi furfura a gareji. Kuma abin da ke ba ni haushi, kai da kanka ka rubuto cewa kasko yana saukowa kafin ka gama alwala, amma a layi na gaba yaro yana kwance a ƙarƙashinsa. Me ya riƙe? Kaskon inci 60 ya haura kilo 100, fiye da buhun siminti biyu, ga bakinsa ƙarfe ne mai kaifi. Abin da ke tsakanin wannan nauyi da hannun yaron nan ɗan man da aka tsare a bayan wata roba ce da kaurinta bai kai na ƙaramin yatsa ba, sai fil guda wanda wataƙila ƙusa ce. Shi ke nan. Ba wani ƙarfe da ya tokare.

Mutane suna ɗauka in an kashe inji komai ya mutu. Ba haka ba ne. Irin wannan silinda mai ne ke ɗaga ta, amma nauyi ne ke sauke ta, ba ta bukatar inji don ta sauko. Inji a kashe, makulli a aljihu, wani ya jingina da liba, ko ɗalibi ya ɗare kujera yana wasan tuƙi, kasko zai faɗo nan take. Kai kuma a makaranta kake, inda yara ba sa ganin tarakta su wuce. Na taɓa zuwa wata gona aka nuna mini wani saurayi, yatsunsa biyu na dama ba sa lanƙwasuwa. Yana ciro igiyar buhu da ta naɗe a wuƙa, abokinsa ya miƙa hannu zai ɗauki gorar ruwa a kan kujera, gwiwar hannunsa ta taɓa liba. Ba ƙara, ba gargaɗi. Ya ce shi dai ya ji kamar an rufe masa ƙofar mota a hannu, sai daga baya ya ga jini. Kowa a wurin cewa yake tsautsayi ne. Na yarda da ƙaddara, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, su kuwa ko guntun katako ba su sa ba.

Wani zai ce ai na murɗe mamurɗin sauka, ko na kai abin saita tsayi can sama ya kulle. Madalla, wannan ya yi don tafiya a hanya. Amma mamurɗin mai yake tsarewa, in robar fistin ce ke yoyo bai hana komai ba. Makullin tsayi kuma ta kan waɗannan filolin da hannuwan dai yake riƙe kasko, su ne kuwa muke zargi tun farko. Wani kuma zai kawo bulo ya tokare. Bulo rami ne a ciki, ba ya lanƙwasa ya ba ka labari, tarwatsewa yake yi lokaci guda. Jak ma na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, shi ma man ne a cikinsa. Mafi muni su ne masu haɗe wayar makunnin da ke ƙarƙashin kujera don inji ya ci gaba da aiki bayan direba ya sauka, wai don su leƙa su ga inda ke ƙara. Bakin wuƙar nan yana gudun da ya kusa kilomita 300 a awa. Me za ka gani? Duk bakaniken da ya ce bari ya haɗe wannan waya, ka sallame shi da kuɗin mota.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya, ƙiwa ce kawai ke hana mutane. An yi kaskon nan don a cire shi: a sauke, a zare shaf ɗin da ke juya wuƙaƙe, a zare filoli, a jawo shi gefe. Wanda ya saba ba ya cin minti 10. Ku biyu ku tayar da shi a jikin bango, ku ɗaure da sarƙa ko igiya mai ƙarfi, sannan yaro ya kankare yana tsaye, yana ganin abin da yake yi. Nan ne ma za ka ga tsaga da wuƙar da ta lanƙwashe. In dole sai an yi aiki yana jikin tarakta, a sa katako mai kauri, gunduma guda ba ƙusoshi, a ƙarƙashin bakinsa hagu da dama, a sauke nauyin ya zauna a kai, a girgiza a gani. Wurin mayarwa ka shafa wa shaf ɗin giris, don in ya ƙi zamewa shi ma yana hana kasko tashi, kuma ka tura shi har ka ji ya yi ƙas, sannan ka ja baya ka tabbata ya kama.

Tunda muna maganar mai: kada wanda ya nemi yoyon tiyo da tafin hannu. Matsin da ke ciki yana kaiwa wajen psi 2,000 a gejin matsi, alhali psi 100 ma na iya huda fata. Ramin kamar na allura ne, ba ya ban tsoro, amma man da ya shiga nama aikin tiyata ne na gaggawa, ba na kemis ba. Da kwali ake nema.

Ofishin kuɗi kuma na san halinsu. Fil na 'yan kuɗi kaɗan sai an nemi takardar farashi uku da sa hannun mutum huɗu, amma in famfo ya fashe nan da nan za a san sunan wanda za a yanke wa albashi. Don haka ka rubuta, kada ka tsaya a baki. Takarda guda, da kwanan wata: ga abin da na gani, ga kayan da ake bukata, ga aikin da na hana a yi da dalili, ka haɗa da hoton hagu da dama, ka riƙe kwafi. Filoli da makullansu za ka samu a Panteka, ka tafi da na gefen dama a gwada kauri da tsawo, kuma ka ce fil mai tauri kake so, ba yankan rodi ba. Robar fistin ko kayan bawul sai da lambar injin, tana kan farantin da ke jikin firam.

Mako 3 ya isa. Karkacewa aikin wuni guda ne in kaya sun samu. Saukowa kuwa ba za ta hana ka yankan fili kafin gasa ba, tunda lokacin yanka kasko a kan abin saita tsayi yake zaune, ba a kan mai ba. Ka dai riƙa sauke shi ƙasa duk sanda za ka bar taraktar. Ka aiko mini da awon kusurwa huɗu da sakamakon gwajin minti 15, da lambar injin, sai in gaya maka wace roba za ka nema.