Tambaya da Amsa: Gudummawar da Kamfani ke Ninkawa

Tambaya: Malam, ni ce ma'ajiyar wata ƙungiyar tallafa wa marayu a Maradi. Ƙanena da ke aiki a Amurka ya turo mana dala 200, ya ce kamfaninsu zai ƙara kwatankwacinta. Ta yaya za mu san ya shigar da buƙatar?

Amsa: Hajiya, wannan tsari, wanda kamfanin General Electric ya fara a 1954, daga ma'aikaci yake tashi. Shi zai cike takarda a shafin kamfaninsu, sannan kamfanin, ko wakilinsa mai kula da tsarin, yakan aiko muku saƙon imel domin ku tabbatar da adadin kuɗin da ranar da suka shigo. Nan ne ƙungiyoyinmu suka fi yin sake, domin saƙon kan faɗa akwatin da ba wanda ya buɗe tun bara.

Sai dai kamfanoni da yawa ba sa ninkawa sai ga ƙungiyar da hukumar harajin Amurka ta amince da ita, ko wadda wakilin ya tantance. Saboda haka ki nemi ƙanenki ya binciki wannan sharaɗi tukuna, ki kuma aika masa rasit mai hatimi da lambar rajistarku.