Tambaya da Amsa: Wai me ake nema a bayan ganyen itatuwan busasshen daji?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji ana cewa masu bincike suna shiga ɗan abin da ya rage na busassun dazuzzuka suna ƙirga wasu ƙwari da ido ba ya gani sosai a jikin ganye. Don Allah su waye waɗannan, kuma meye amfanin wannan wahalar?

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, barka kadai. Waɗannan halittu dangin kaska ne da gizo-gizo, masana suna kiransu Akari, babbansu ƙafa takwas gare shi, ɗan da ya ƙyanƙyashe kuma shida. Akwai ma dangin Eriyofayide masu ƙafa huɗu kacal, tsayinsu bai kai rabin milimita ba, sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, su ne sau da yawa suke sa ganye ya yi ƙuraje ko ya naɗe.

To amma ba dukkansu ne maɓarnata ba, nan mutane suke kuskure. Ka juya ganye ka duba inda jijiyoyi suka haɗu, a wasu itatuwan za ka ga ɗan rami ko tarin gashi, wannan ɗaki ne itacen ya tanadar musu, a ciki masu farauta dangin Fitosayide da masu cin funfuna suke fakewa suna yin ƙwai, su kuma su tsare ganyen daga masu tsotsarsa. Fitosayide kaɗai an san nau'insu sama da 2,000.

Shi busasshen daji, irin Katinga ta arewa maso gabashin Brazil ko wanda ya rage a Kolombiya, noma da kiwo da saran itace sun cinye babban ɓangarensa, saura tsibiri-tsibiri. Kuma da yawa cikin Eriyofayide itace ɗaya ko danginsa kawai suke iya rayuwa a kai, in aka sare itacen shi ke nan sun tafi tare, wasu ma ba a kai ga raɗa musu suna ba. Gaskiya wannan yana damuna ƙwarai.

Maganar amfani kuwa, ka ɗauki rogo. A 1971 aka fara ganin koren ƙwaron rogo a Yuganda, daga Kudancin Amurka ya zo, ya bazu ya yi ɓarna sosai a Afirka. Abin da ya taimaka wajen karya shi wani ɗan'uwansa ne mai farauta, Typhlodromalus aripo, da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa mai suna IITA ta kawo daga Brazil ta saki a Jamhuriyar Benin a 1993. To irin waɗannan mafarautan ake fatan samu a ragowar dazuzzuka.

Aikin kuma sai an yi shi damina da rani, don in itatuwa suka zubar da ganye sai ƙwarin su koma cikin tofo da tsagar ɓawo ko kan 'yan itatuwan da ba sa zubarwa, wanda ya je sau ɗaya kawai zai dawo da lissafin da bai cika ba.